Yadda Ake Saka Sabuwar Sarƙar Babur a Gida da Buga Mata Ribit

Sabuwar sarƙar babur tana zuwa da gaɓoɓi ɗari da wani abu, kuma dukkansu inji ne ya rufe su tun daga masana'anta, ban da guda ɗaya: mahaɗin da zai haɗe bakunan sarƙar biyu. Wannan kai za ka rufe shi da hannunka. Idan ya buɗe kana cikin gudu, sarƙar tana iya naɗewa a tayar baya ta ƙame ta, ko ta zabgi jikin inji ta fasa shi, ko ta sami ƙafarka. Sauran aikin duk kwance noti ne da ɗaure noti, wanda duk mai haƙuri zai iya. Wurin mahaɗin ne ba a yin kirdado, awo ake yi, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Kayan da za ka tanada

Sarƙar tukuna. Duba jikin tsohuwar, za ka ga lamba a kan farantanta: 420, 428, 520, 525 ko 530. Lambar farko tana nuna tazarar da ke tsakanin fil da fil, wato ƴan sandunan ƙarfen da ke haɗa gaɓoɓin sarƙa. Idan 4 ce, tazarar milimita 12.7 ce, idan 5 ce, milimita 15.875. Lambobi biyun ƙarshe faɗin cikin sarƙar suke nunawa, wato gurbin da haƙorin sifroket (faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa) ke shiga: 520 tana da milimita 6.35, 525 kusan 8, 530 kuma kusan 9.5. Ƙananan babura galibi 420 ko 428 suke ɗauka, manya kuma daga 520 zuwa sama. Dole lambar sarƙa ta zo ɗaya da ta sifroket. Sarƙar 525 za ta hau sifroket ɗin 520, amma za ta riƙa kai-komo gefe da gefe tana cin haƙoran.

Idan an rubuta O-ring ko X-ring a jikin kwalin, sarƙa ce mai zobban roba a tsakanin farantanta, waɗanda ke riƙe giris a jikin fil. Irin wannan ta fi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma ita aka fi rufewa da ribit, wato a buɗa kan fil don faranti kada ya fita.

Ka sayi sifroket biyu, na gaba da na baya, tare da sarƙar. Tsofaffin haƙora sun riga sun ci daidai da tsohuwar sarƙa, kuma za su lalata sabuwar tun ba ta yi nisa ba. Ka ƙirga haƙoran tsofaffin ko ka karanta lambar da ke jikinsu, ka sayi masu adadi ɗaya.

Mahaɗin ribit ka sayi biyu, ba ɗaya ba. Wanda bai taɓa yi ba yakan ɓata na farko, kuma ba abin da ya fi ciwo kamar babur a kwance, dare ya yi, ba mahaɗi. Ya kasance na kamfanin sarƙar ne kuma na samfurinta daidai. Mahaɗin kamfanin RK ba ya zama a sarƙar kamfanin DID yadda ya kamata ko da lambarsu ɗaya, domin kaurin fil ɗinsu ya bambanta da ɗan abin da ido ba ya gani. Ka kuma dubi kan fil ɗin. Mai ɗan rami a tsakiya shi ne wanda kayan gida ke iya buɗawa. Mai kai a toshe, ba rami, yana buƙatar wata na'ura dabam da ke dandaƙe gefuna huɗu na kan, kuma kayan da muke magana a kai ba za su yi masa komai ba sai dai su karye.

Sai kayan aiki:

- Na'urar yanke sarƙa da buga ribit, mai ɗauke da allurar tura fil, farantan matsi, da kan buɗa ribit
- Awon baniya, ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da ke nuna ɓangaren milimita
- Sifanar awo, mai nuna ƙarfin ɗauri
- Soket da sifanu daidai da notocin babur ɗinka, da dogon hannun soket
- Giranda, ko magagari mai kyau in babu ita
- Filaya, sukudireba, guduma ƙarama, ruwan kulle noti
- Sabuwar washar kulle ta sifroket ɗin gaba, idan naka yana amfani da ita
- Kananzir, burushi mai laushi, tsumma, man sarƙa
- Gilashin kare ido da safar hannu
- Abin ɗaga tayar baya, idan babur ɗin ba shi da jak na tsakiya

Littafin babur ɗinka ma kayan aiki ne. A ciki za ka sami adadin gaɓoɓi, ƙarfin ɗaurin kowane noti, da sassaucin da sarƙa ke buƙata.

Kafin ka taɓa komai, kashe inji ka zare makulli ka sa a aljihu. Ba a juya sarƙa da inji lokacin aiki, ko da sau ɗaya. Sarƙa da sifroket suna guntule yatsa kafin mutum ya ankara, har ma da juyin hannu idan yatsan ya shiga tsakaninsu.

1. Sassauta notin sifroket ɗin gaba tun tsohuwar sarƙa tana ɗaure

Wannan shi ne matakin da sabon hannu ya fi tsallakewa. Yakan yi ɗokin yanke tsohuwar sarƙa, sannan ya dawo kan notin gaba ya tarar yana juyawa tare da sandarsa, ba abin da ke riƙe shi. Tsohuwar sarƙa ce ke riƙe maka sifroket ɗin, don haka ka bar ta a wurinta tukuna.

Cire murfin sifroket. Idan sai ka cire ƙarfen giya kafin murfin ya fita, sa alama da maka a kan sandar da ƙarfen don ka mayar da shi daidai inda yake. A wasu babura, kayan kuloci suna jikin wannan murfin. Idan naka haka yake, kada ka matsa hannun kuloci har sai ka mayar da komai.

Idan akwai washa da aka lanƙwasa a gefen notin, miƙe ta da sukudireba da guduma a hankali. Sa babur a firi, taya a ƙasa, wani ya hau ya take birkin baya da ƙarfi, kai kuma ka ja da dogon hannun soket. A manyan babura ɗaurin wannan noti yakan wuce Nm 100 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), saboda haka sai ka yi da gaske. Kada ka sa giya don ta riƙe maka, nauyin duk a kan haƙoran giyar zai sauka. In kai kaɗai ne, ka zura katako mai kauri ta cikin wili ya tokare a kan hannun taya, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar baya. Wannan dabara ta wili mai kaurin ƙafafu ce. Wili mai siraran wayoyi lanƙwashewa zai yi.

Ƙananan babura da yawa ba su da babban noti, ƙaramin faranti ne da ƙananan ƙusoshi biyu. Waɗannan ba su da wuya. Sassautawa kawai za ka yi yanzu, ba cirewa ba. Tun taya tana ƙasa, ka sassauta notocin sifroket ɗin baya da na sandar taya su ma.

2. Ɗaga babur ka yanke tsohuwar sarƙa

Ɗaga tayar baya a wuri mai daidaito, ka girgiza babur ɗin ka tabbata ya zauna daram. Juya taya ka nemo mahaɗin tsohuwar sarƙa. Idan mai kilif ne, wato ɗan siririn ƙarfen da ke maƙale kawunan fil biyu, zare kilif ɗin da filaya, shi ke nan. Idan na ribit ne, ko babu mahaɗi sam, zaɓi kowace gaɓa ka kawo ta kan sifroket ɗin baya, inda haƙora za su riƙe ta.

Sa gilashi, ka rufe taya da fentin da ke kusa da jiƙaƙƙen tsumma, ka gurje kan fil ɗaya da giranda har ya zo daidai da farantin. Mutane da yawa suna ƙin yin wannan, su ɗora na'ura kai tsaye, sai allurar ta karye tun a gaɓar farko. An buɗa kan fil ɗin ne don kada ya fita, kuma a sarƙar 520 zuwa sama ƙarfinsa ya fi na allurar. Magagari ma yana yi, lokaci kawai yake ci.

Juyo gaɓar zuwa ƙasa inda akwai sarari, ɗora na'urar, ka tabbata allura tana tsakiyar fil kuma ramin baya a buɗe yake don fil ɗin ya sami mafita. Matse jikin na'urar a kan sarƙa, sannan ka juya ƙusar turi a hankali. Idan ka ji ta cije tun farko, tsaya ka sake saiti. Allurar da ta karkata ce ke karyewa.

Idan ba za ka sauya sifroket ɗin gaba ba, kada ka zare tsohuwar sarƙa haka nan. Ƙulla bakin sabuwar a bakinta da waya, ka ja tsohuwar daga ƙasa, za ta jawo maka sabuwar ta zagayo da ita.

3. Sauya sifroket, ka duba abin da ke ɓoye

Cire tayar baya, kana lura da yadda washoshi da zobban tazara suke a jere a kan sandar. Ɗauki hoto da waya, ya fi dogara da tunani. Kwantar da tayar a kan katako biyu don faifan birki kada ya taɓa ƙasa.

Ɗora sabon sifroket yadda tsohon yake, galibi rubutu yana kallon waje. Goge wurin zamansa tas, domin ɗan tsakuwa guda a ƙarƙashinsa ya isa ya sa shi rawa. Ɗaure notocin a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, zagaye biyu ko uku har su kai awon littafi.

Tun kana nan, ciro mazaunin sifroket ɗin ka dubi robobin da ke ƙarƙashinsa, idan babur ɗinka yana da su. In sun farfashe ko mazaunin yana wasa gaba da baya, sauya su, don su ne ke shanye fizgar da za ta sauka kan sarƙa. Sa yatsa ka juya boris, ka ji ko yana gurzawa. Dubi kuma robar da ke kwance a kan hannun taya inda sarƙa ke bi. Idan ta cinye har ƙarfe ya fito, sabuwar sarƙa za ta riƙa zagar hannun tayar kamar zarto.

A gaba, kwashe daskararren dattin da ya taru bayan murfi da kananzir da burushi. Duba ko mai yana tsatsa daga robar da ke bayan sifroket. Zura sabon a kan sandarsa, gefen da ya yi tudu yana fuskantar inda na tsohon yake fuskanta, domin idan ka juya shi sarƙa ba za ta tafi a miƙe ba. Ɗaura notin da hannu kawai. Sai sarƙa ta haɗu za ka matse shi.

Mayar da taya, ka sassauta ƙusoshin saiti na ɓangarorin biyu, masu matsar da taya gaba da baya, ka tura ta gaba. Kada ka matse sandar tukuna.

4. Ƙirga gaɓoɓi ka rage tsawo

Sarƙa takan zo da tsawo fiye da buƙata, misali gaɓa 120 alhali babur ɗinka 110 yake so. Kada ka shimfiɗa tsohuwa kusa da sabuwa ka gwada tsawonsu. Tsohuwar ta ƙara tsawo saboda fil da gidajensu sun cinye, kuma sarƙa mai gaɓa 110 da ta ƙaru da kashi 2 cikin 100 ta ƙara tsawon gaɓa biyu da ɗan ɗoriya. Ƙirge ake yi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙirga farantan waje na gefe ɗaya, har da na mahaɗi, ka ninka biyu. Adadin kullum mai rabuwa biyu ne.

Bayan ƙirge, ka gwada a jikin babur. Zagayo da sarƙar ta kan sifroket ɗin gaba, ka kawo bakunan biyu kan na baya, ɗaya a kan ɗaya, ka ga inda suka haɗu. Sandar taya ta kasance kusa da gaban raminta, ta bar sarari a baya don saitin gaba. Idan wurin haɗuwar ya faɗa tsakanin gaɓa biyu, ɗauki mai tsawon. Sarƙar da ta yi tsawo ana sake rage ta, wadda ta gaza kuwa ta gaza, kuma ƙara mata guntu da mahaɗi na biyu ba gyara ba ne.

Bakunan biyu dole su ƙare da gaɓar ciki, mai rola da rami a buɗe, domin mahaɗin shi ne zai zama gaɓar waje a tsakaninsu. Sa alama da maka a kan fil ɗin da za ka cire. Sake ƙirgawa kafin giranda ta taɓa shi. Gurje kan, tura shi waje kamar ɗazu, sannan ka goge ɓurɓushin ƙarfe daga sarƙar.

5. Jera mahaɗi

Buɗe ledar mahaɗi a kan tsumma mai tsabta. Za ka ga faranti mai fil biyu, faranti mai rami biyu, zobban roba huɗu, da ƴar ledar giris. Wannan giris ɗin shi kaɗai ne fil biyun za su samu har ƙarshen rayuwar sarƙar, domin da zarar zobba sun rufe, man da kake fesawa daga waje ba ya kai wa gare su. Shafe fil ɗin sosai, ka cusa saura a cikin ramukan bakin sarƙa, ka shafa wa zobban ma.

Kafin ka ci gaba, auna kaurin kan fil ɗin da baniya ka rubuta. Za ka buƙaci lambar nan gaba.

Zura zobe ɗaya a kowane fil. Ɗora bakunan sarƙa a kan haƙoran sifroket ɗin baya suna maƙwabtaka, ka zura mahaɗin daga ɓangaren taya zuwa waje, yadda kawunan fil za su kalle ka. Sa sauran zobba biyun, sannan farantin waje, rubutunsa yana waje. Ƙirga zobban da idonka: biyu a ciki, biyu a waje. Suna da saurin faɗuwa ba tare da an lura ba, kuma gaɓar da ta rasa zobe ita ce za ta fara bushewa.

6. Matsa farantin waje

Farantin ba zai shiga da yatsa ba, kuma haka aka yi shi da gangan. Ramukansa sun ɗan fi fil ƙanƙanta, wannan matsin ne ke riƙe shi, ribit kuma tsaro ne a kansa. Ɗan danna shi da filaya ya kama, sannan ka juyo mahaɗin zuwa tsakiyar layin ƙasa, wato ɓangaren sarƙar da ke bi ta ƙasa tsakanin sifroket biyu.

Auna faɗin gaɓoɓin waje biyu da ke maƙwabtaka da mahaɗin, daga bayan faranti zuwa bayan faranti. Wannan lambar ita ce inda za ka tsaya.

Sa farantan matsi a na'urar. Mai rami biyu ko dogon kwari yana zuwa ta waje, don kawunan fil su sami wurin fitowa yayin da farantin ke shiga. Idan ramukan ba su yi daidai da fil ba, kan fil ɗin za ka murƙushe. Juya ƙusar rubu'in zagaye a lokaci guda. Bayan ƴan juyi, kwance na'urar ka auna. Ka auna ta kan fil na hagu da na dama dabam-dabam, don faranti yakan shiga a karkace. Da ka kusa lambar, rage juyin zuwa rabin na da.

Za ka ɗora ka sauke na'urar sau biyar ko shida, kuma hakan daidai ne. Faranti da bai kai ba ana ƙara masa. Wanda ya wuce kuwa ya murƙushe zobba, gaɓar ta sandare, giris ya tsiyaye, kuma ɓamɓaro shi baya da sukudireba yana buɗa ramukansa. In haka ta faru, mahaɗi na biyu za ka ɗauko. Wasu kamfanoni suna saka ƴan siraran ƙarafa a cikin ledar, waɗanda ake soka wa tsakanin farantai don hana wuce gona da iri. In ka same su ka yi amfani da su, ka tuna ka zare su bayan ka gama.

Idan na'urarka ba ta da farantan matsi, ƙaramin noti da ramin sa ya fi fil faɗi da maƙalar matsi mai ƙusa suna yi. Ɗora notin a kan fil ɗaya ka matsa kaɗan, ka koma ɗayan, kana sauyawa har farantin ya zauna. Awon dai bai canja ba.

Lanƙwasa gaɓar da hannu sama da ƙasa. Ta motsa da ɗan nauyi irin na maƙwabtanta. Kawunan fil su fito sama da faranti da milimita ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma su yi tsawo ɗaya.

7. Buga ribit

Sauya kayan na'urar. Ta gaba ka sa kan buɗawa, mai ɗan tsini ko ƙwallo. Ta baya ka sa toshiyar da ke tokare gindin fil. Wannan toshiya ita ce ake yawan mantawa. Idan ka bar ramin baya a buɗe kamar lokacin yanka, maimakon kan fil ya buɗe, tura shi za ka yi ya fice daga farantin ciki.

Saita tsinin a cikin ramin fil, ka matse jikin na'urar har ta daina motsi, ka leƙa ta gefe ka ga komai a miƙe yake. Riƙe na'urar da hannu ɗaya, ka juya ƙusar rubu'in zagaye, ko rabi in ba ta fara cizo ba. Sauke, auna.

Abin da kake nema shi ne leɓen ramin ya buɗe kaɗan, kamar bakin ƙaho, har ya fi ramin faranti faɗi. Kaɗan ne ƙwarai, wajen rabin milimita a kan awon da ka rubuta ɗazu. A sarƙoƙin 520 da 525 da dama na DID, kan da aka gama yana tsayawa tsakanin milimita 5.5 da 5.8. Kowane samfuri yana da tasa lambar a takardar da ke cikin kwali ko a littafin babur, kuma ita za ka bi. Auna kan ta fuska biyu, tsaye da kwance, don ka gane ko ya buɗe a zagaye.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tunanin cewa ƙarin matsi ƙarin ƙarfi ne. Kan da aka buɗa fiye da kima tsagewa yake yi, kuma leɓen da ya tsage yana ɓallewa a hanya. Ƙarin matsin kuma yana danna faranti ciki ya sandarar da gaɓar da ka sha wahalar saitawa. Da ka shiga cikin awon, tsaya, ko da idonka yana ce maka bai isa ba.

Yi wa na biyu haka. Goge giris, haska tocila, ka duba leɓunan da kyau, in da gilashin ƙara girma ka sa. Ko siririyar tsaga ɗaya ka gani, gurje mahaɗin ka sake da sabo. Sake auna faɗin gaɓar, sake lanƙwasa ta.

Game da buga ribit da guduma da tsinke, ana riƙe wata guduma a baya: ana yi, amma ban ba ka shawara ba. Ba ka da iko a kan yawan buɗawar, bugun yana iya lanƙwasa fil, kuma ba za ka sani ba sai a kan hanya. Idan ba ka da na'urar, ka aro, ko ka sa mahaɗin kilif na wannan sarƙar ka tuƙa a hankali zuwa wurin mai na'ura. Ƙananan babura da yawa ma da kilif suke fitowa, kuma ya ishe su idan littafinsu ya yarda. Wurin sa shi, rufaffen kansa ya kalli inda sarƙa ke tafiya, buɗaɗɗen bakin yana baya, kuma ya faɗa cikin tsagin fil biyun sosai. Idan aka juya shi, duk abin da ya taɓa bakin zai zare shi. Babur mai babban inji kuwa ribit ne nasa.

8. Matse notin gaba

Sauke taya ƙasa, a take birki, ka ɗaure notin sifroket ɗin gaba da sifanar awo zuwa lambar littafi. Sa sabuwar washa ka lanƙwasa ta a kan gefen notin, ko ka ɗiga ruwan kulle noti idan haka littafin ya ce. Masu ƙaramin faranti, ƙusoshinsu ba sa son ƙarfi, suna tsinkewa da wuri. Mayar da murfi da ƙarfen giya a kan alamarka.

9. Saita sassauci da miƙewar taya

Sarƙa tana buƙatar sassauci ne saboda tazarar da ke tsakanin sifroket biyu tana ƙaruwa duk lokacin da bayan babur ya nutsa da nauyi ko ya faɗa rami. Wadda ta yi tsam-tsam babur yana tsaye, idan aka hau sai ta riƙa jan sandar giya, ta kashe boris da robar mai, ita ma ta cinye da wuri. Ɗan sako-sako ya fi ɗaurewa sauƙin illa.

Baburan titi da yawa suna son milimita 20 zuwa 35, na daji masu dogon shokoba sun fi haka. Lambar tana cikin littafi, sau da yawa kuma a manne a jikin hannun taya, tare da bayanin ko a kan jak ɗin gefe ake aunawa ko na tsakiya. Juya taya ka nemo inda sarƙa ta fi ɗaurewa, a nan za ka auna. Tsaya a tsakiyar layin ƙasa, tura sarƙar sama, ja ta ƙasa, tazarar da fil guda ya yi tsakanin biyun ita ce sassaucin.

Juya ƙusoshin saiti daidai wa daida, rubu'i a hagu, rubu'i a dama. Zanen da ke jikin hannun taya yana taimakawa, amma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Tabbatar da tef: daga tsakiyar ƙusar da hannun taya ke lilo a kanta zuwa tsakiyar sandar taya, ɓangarorin biyu su zo ɗaya. Sannan ka tsuguna a baya ka hangi layin sama na sarƙar, ya tafi sak ba tare da karkata ba. Juya taya ka ga haƙora suna shiga tsakiyar sarƙa, ba suna gogar gefe ɗaya ba.

Kafin ka matse sandar taya, cusa tsumma a naɗe tsakanin sarƙa da sifroket ta ƙasa ka ɗan juya taya gaba, wannan zai jawo tayar gaba ta zauna a kan ƙusoshin saiti. Ɗaure zuwa awon littafi, cire tsumman, ka sake auna sassauci, domin matse sandar yakan ƙara ɗaure sarƙa. Kulle notocin saiti. In akwai ƙusar makulli mai ƙafa biyu a notin sandar, sa sabuwa.

Birki ya rage. Idan na faifai ne, taka shi sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa. Idan na ganga ne, matsar da taya ya canja saitinsa, sai ka gyara notin sandar birki har takun ya dawo daidai, ka duba fitilar birki tana kamawa.

10. Gwaji da kwanakin farko

Juya taya da hannu zagaye uku ko huɗu kana saurare. Kada ka ji ƙas-ƙas, kada ka ga gaɓar da ta ƙi miƙewa bayan ta bar sifroket. Goge yawan giris ɗin da sarƙa ta zo da shi a waje don kada ya tara ƙura ko ya fantsama kan taya.

Fita gajeriyar tafiya a hankali, ba fizga. Dawo ka duba mahaɗi da sassauci. Sabuwar sarƙa takan ɗan saki a farkon amfani, don haka ka sake aunawa bayan kamar kilomita 100, sannan bayan 500.

Ka riƙa sa mai duk kilomita 500 zuwa 1,000, da kuma bayan ruwan sama ko wanki, ta cikin layin ƙasa, lokacin da sarƙa take da ɗumi. In babu man sarƙa, man giya mai lamba 80 ko 90 yana yi. Wankinta da kananzir da burushi mai laushi ne. Fetur yana ɓata zobban roba, burushin waya yana yayyanka su, ruwan famfo mai ƙarfin feshi kuma yana kutsawa ya kore giris ɗin ciki.

Ɗiga ɗan fenti mai haske a farantin mahaɗin don ka riƙa gano shi da sauri. Duk lokacin da za ka sa mai, juyo shi gabanka, ka goge kawunan fil biyun, ka duba leɓunansu suna nan lafiya kuma farantin bai matso waje ba.